Charles Sumner: Sanatan da ya sha duka a Majalisar Amurka saboda bayi, ya kuma tsaya wa baƙi

A watan Fabrairun 1855 aka shiga da wata yarinya 'yar shekara bakwai ɗakin wani mai ɗaukar hoto a birnin Washington. Sunanta Mary. An haife ta baiwa a gundumar Prince William ta jihar Virginia, wato gundumar da garin Woodbridge yake ciki, kimanin kilomita 30 kudu da babban birnin Amurka. Mahaifinta ya tsere daga hannun ubangijinsa zuwa Boston, ya sauya suna zuwa Henry Williams, ya yi ta tara kuɗi domin ya fanshi matarsa da 'ya'yansa uku. Wanda ya shiga tsakani a Washington har aka kammala cinikin fansar shi ne sanata mai wakiltar jihar Massachusetts, Charles Sumner, kuma shi ya sa aka ɗauki hoton.

Fatar Mary fara ce sosai, duk wanda ya gan ta zai ɗauka Baturiya ce. Sumner ya aika da hoton Boston, aka yi ta nuna shi, daga baya aka riƙa kai yarinyar wajen taruka, domin Turawan Arewacin Amurka su ga cewa bauta tana iya cin yaron da ya yi kama da nasu. Dabarar ta girgiza mutane, sai dai ta jingina ne a kan wariyar da yake yaƙa, tunda 'yan kallon sun fi jin tausayin baiwa mai hasken fata. Hoton yana nan a ajiye a cibiyar tarihi ta Massachusetts.

Gundumar da aka haifi Mary a cikinta baiwa, a yau tana cikin yankunan Virginia da suka fi tara jinsuna daban-daban. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura 480,000, kuma Turawa ba su kai rabi ba. A Woodbridge akwai 'yan El Salvador da Afghanistan da Ghana da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Duk ɗan Afirkan da ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar zama ɗan Amurka a wannan yanki, hanyar da ya bi ta faro ne daga wata muhawara da Sumner ya tayar a Majalisar Dattawa a 1870.

Daga Boston zuwa Paris

An haifi Charles Sumner ranar 6 ga Janairun 1811 a Boston, a wata unguwa da ke maƙwabtaka da gidajen baƙar fatar birnin. Mahaifinsa lauya ne wanda ya riƙe muƙamin shugaban jami'an tsaro na gundumar Suffolk, kuma an san shi da ƙin bauta. Charles ya gama Jami'ar Harvard a 1830, sannan ya karanta aikin lauya a can ƙarƙashin Joseph Story, alƙali a Kotun Ƙoli.

A ƙarshen 1837 ya tafi Turai, inda ya yi sama da shekara biyu yana yawo tsakanin Faransa da Ingila da Italiya da Jamus, yana koyon harsuna yana zama a kotuna. A jami'ar Paris ya ga ɗalibai baƙar fata suna zaune a aji ɗaya da Turawa, ana hira da su ba tare da wata ƙyama ba. Wannan ya sa ya fahimci cewa tazarar da ke tsakanin jinsunan biyu a ƙasarsa tarbiyya ce ta haifar da ita, domin da halitta ce da ya tarar da ita a Paris ma.

Da ya dawo gida, aikin lauya bai gamsar da shi ba. Ya shiga fafutukar gyaran gidajen yari da makarantun gwamnati. A bikin ranar 'yancin kai na 1845 aka gayyace shi ya yi jawabi a Boston, sai ya tsaya a gaban hafsoshin soja sanye da kayan sarki ya yi tir da yaƙi baki ɗaya. Manyan garin sun fusata, amma daga ranar sunansa ya fita.

A 1849 ya karɓi shari'ar wata yarinya baƙar fata 'yar shekara biyar, Sarah Roberts, wadda take wuce makarantun Turawa biyar kafin ta isa wadda aka ware wa irinta. Tare da Robert Morris, ɗaya daga cikin lauyoyi baƙar fata na farko a Amurka, Sumner ya kafa hujja cewa makarantar da aka ware bisa launin fata ba za ta taɓa zama daidai da sauran ba, domin warewar kanta tana dasa wa yaro ƙasƙanci. Babban alƙalin jihar, Lemuel Shaw, ya yi watsi da ƙarar. Majalisar Massachusetts ta haramta wariya a makarantu a 1855, amma ƙasar baki ɗaya ba ta karɓi hujjar Sumner ba sai a 1954, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Brown.

Dukan da ya raba ƙasa biyu

A lokacin, majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci. Bayan an shafe watanni ana kai ruwa rana, majalisar Massachusetts ta zaɓi Sumner a watan Afrilun 1851 da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Ya isa Washington a matsayin ɗan ƙaramar jam'iyyar masu adawa da faɗaɗa bauta, a majalisar da masu bayi suka fi ƙarfin faɗa a ji.

Babban abin da ya sa a gaba da farko shi ne dokar 1850 da ta tilasta wa mutanen Arewa taimakawa wajen kamo bayin da suka tsere. A 1854 kuma aka yi wata dokar da ta bar wa mazauna yankunan Kansas da Nebraska zaɓin ko za su halatta bauta, abin da ya jawo zubar da jini a Kansas. A ranakun 19 da 20 ga Mayun 1856 Sumner ya yi dogon jawabi a kan rikicin, ya kuma ci mutuncin wasu abokan aikinsa, musamman dattijo Andrew Butler na South Carolina, wanda ya siffanta shi da mai neman bauta kamar yadda ake neman farka. Har wasu magoya bayansa sun ce ya wuce gona da iri.

Bayan kwana biyu, ranar 22 ga Mayu, wani ɗan Majalisar Wakilai mai suna Preston Brooks, ɗan'uwan Butler, ya shigo zauren bayan an tashi daga zama. Ya tarar da Sumner yana rubutu, ya hau shi da duka da sanda a ka. Teburin a kafe yake da ƙasa, ƙafafun Sumner sun maƙale a ƙarƙashinsa, sai da ya tumɓuke shi kafin ya miƙe, sannan ya faɗi a sume cikin jini. Brooks bai daina ba ko da sandar ta karye.

Kotu ta ci Brooks tarar dala 300. Yunƙurin korarsa daga majalisa bai samu kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Ya yi murabus da kansa, mazaɓarsa ta sake dawo da shi, magoya baya suka yi ta aiko masa da sababbin sanduna. A Arewa kuwa aka cika dandali da zanga-zanga, sabuwar jam'iyyar Republican ta samu ɗimbin magoya baya. Massachusetts ta sake zaɓen Sumner a 1857, ta bar kujerarsa babu kowa a kai domin ta zama shaida. Ya yi fama da ciwon kai da na baya, ya je jinya Turai inda wani likita a Paris ya yi ta ƙona masa fatar baya da sunan magani. Bai koma aiki sosai ba sai a watan Disambar 1859.

Yaƙin basasa da wani mutumin Borno

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, babban gumurzun farko a gundumar Prince William aka yi shi, a Manassas, a watan Yuli, inda sojojin tarayya suka sha kashi. A lokacin Sumner ya zama shugaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa, muƙamin da ya riƙe shekara goma. A ƙarshen shekarar, lokacin da sojan ruwan Amurka suka tare jirgin Ingila mai suna Trent suka kama wakilan 'yan tawaye biyu, yana cikin waɗanda suka shawo kan Shugaba Abraham Lincoln ya sake su don kada a buɗe wani yaƙin da Birtaniya.

Tun daga farkon yaƙin ya riƙa matsa wa Lincoln lamba ya 'yanta bayi, yana ganin bauta ce ƙashin bayan tawayen. A 1862 ya jagoranci amincewar Amurka da ƙasashen Haiti da Laberiya, waɗanda aka ƙi ƙulla hulɗar jakadanci da su shekara da shekaru saboda 'yan Kudu ba sa son ganin jakada baƙar fata a Washington. A shekarar ce kuma ya ja ragamar amincewa da yarjejeniya da Birtaniya wadda ta ba jiragen ƙasashen biyu damar binciken jiragen da ake zargi da safarar bayi daga gaɓar Afirka. A 1864 aka soke dokar kamo bayi da ya daɗe yana yaƙa. Ya sa an hana kamfanonin taragon haya na Washington korar fasinja saboda launinsa, kuma a ranar 1 ga Fabrairun 1865 shi ya gabatar da John Rock, baƙar fata na farko da aka ba izinin tsayawa lauya a gaban Kotun Ƙoli.

Akwai kuma batun albashin soja. Baturen soja yana karɓar dala 13 a wata, baƙar fata kuwa dala 10, a cire masa 3 kuɗin kaki. Rundunoni biyu na baƙar fata daga Massachusetts, ta 54 da ta 55, sun ƙi karɓar ko sisi na fiye da shekara guda har sai an daidaita. A cikin runduna ta 55 akwai wani mutumin Kukawa ta ƙasar Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara aka sayar, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha kafin ya iso Amurka yana mai 'yanci. Sumner da abokin aikinsa Henry Wilson sun tsaya wa sojojin a majalisa, aka fara daidaita albashin a watan Yunin 1864.

Ƙasa, makaranta da ƙuri'a

Yaƙin ya ƙare a 1865, mutum kusan miliyan huɗu suka fita daga ƙangin bauta hannu rabbana. Ra'ayin Sumner shi ne 'yancin da babu gona, babu makaranta, babu ƙuri'a, zai mayar da tsohon bawa gonar tsohon ubangijinsa ne a matsayin ɗan ƙwadago da ba shi da zaɓi. Ya taimaka wajen kafa hukumar kula da 'yantattun bayi a 1865. A watan Maris na 1867 ya nemi a gindaya wa jihohin Kudu sharaɗin buɗe makarantun gwamnati ga kowa da kuma ba kowane magidanci 'yantacce fili kafin a mayar da su cikin tarayya. Majalisa ta ƙi. Shugaba Andrew Johnson ya riga ya mayar wa tsofaffin masu bayi yawancin filayen da aka fara rabawa, kuma Sumner yana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar tsige shi a 1868, yunƙurin da ya faɗi da ƙuri'a ɗaya.

A batun makaranta ya samu wani abu. Lokacin da aka mayar da Virginia cikin tarayya a watan Janairun 1870, an sa mata sharaɗin kada ta taɓa sauya tsarin mulkinta ta yadda za ta tauye wa wani rukuni haƙƙin karatu. Jihar ta buɗe makarantun gwamnati, amma ta raba na Turawa da na baƙar fata, kuma haka aka ci gaba har kusan shekara ɗari.

Tunaninsa kan tattalin arziki yana da iyaka. Ya nemi a rage kuɗin aika wasiƙa zuwa santi ɗaya domin talaka ya amfana, amma ya goyi bayan biyan masu bin gwamnati bashi da zinariya, ya kuma nemi a soke harajin kuɗin shiga a 1870, matakan da suka fi yi wa masu hannu da shuni daɗi. Mata masu neman 'yancin zaɓe su ma sun yi ƙorafin cewa ya ce su dakata tukuna.

Kalma ɗaya a dokar zama ɗan ƙasa

Matsayinsa kan baƙi ya bayyana tun 1855. A lokacin wata jam'iyya mai ƙyamar baƙi da mabiya ɗarikar Katolika ta mamaye siyasar Massachusetts, bayan kwararowar 'yan Ireland da yunwa ta koro. 'Yan siyasa da dama sun bi ta don tsira da kujerunsu. Sumner ya tsaya a zauren Faneuil na Boston a watan Nuwamba ya ce bai dace masu yaƙi da wariyar launi su rungumi wariyar addini ko ta wurin haihuwa ba.

Dokar 1790 ta ce Bature mai 'yanci kaɗai ne baƙon da zai iya neman zama ɗan Amurka. Gyaran tsarin mulki na 14, wanda aka tabbatar a 1868, ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar wannan matsayi, amma bai taɓa wanda aka haifa a waje ba. Don haka da ƙudurin gyaran dokar ya zo gaban majalisa a 1870, Sumner ya nemi a goge kalmar da ke nufin farar fata daga cikinta gaba ɗaya.

Lokacin bai yi masa daɗi ba. Akwai 'yan China kimanin 63,000 a ƙasar, da yawansu su suka fasa duwatsu suka shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869. A watan Yunin 1870 wani mai masana'antar takalma a North Adams, cikin jihar Sumner, ya kawo 'yan China 75 domin karya yajin aikin ma'aikatansa, abin da ya harzuƙa ƙungiyoyin ƙwadago. Sanatocin yamma, ƙarƙashin William Stewart na Nevada, suka ce gyaran Sumner zai miƙa jihohinsu ga 'yan China.

An fara amincewa da gyaran, sannan aka sake dawo da shi. Majalisa ta zauna har ranar 4 ga Yuli, ranar hutun 'yancin kai, inda Sumner ya kafa hujja da takardar shelar 'yancin Amurka, wadda ta yi maganar daidaiton dukkan mutane ba tare da ambaton launi ba. A ƙarshe aka kayar da shi. Madadin haka aka amince da shawarar Sanata Willard Warner na Alabama, wadda ta buɗe ƙofa ga baƙin da aka haifa a Afirka da waɗanda ke da tsatson Afirka. Yunƙurin ƙara 'yan China ya faɗi. Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu ranar 14 ga Yulin 1870.

Daga ranar, mutumin da aka haifa a Kano ko Kukawa yana da damar neman zama ɗan Amurka a doka, alhali wanda aka haifa a Canton ba shi da ita. Abin da Sumner ya ji tsoro ya faru: a 1882 aka hana ma'aikata 'yan China shigowa, kuma ba a cire sharaɗin jinsi daga dokar zama ɗan ƙasa baki ɗaya ba sai a 1952. 'Yan Afirka ma ba su ci moriyar ƙofar sosai ba sai bayan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke rabon gurabe da ke fifita Turawan arewacin Turai.

Kaɗaici da ƙudurin ƙarshe

Sumner mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya jure sabani, kuma yana ɗaukar duk wanda ya yi sassauci a matsayin wanda ya sayar da aƙida. Ya ƙi kaɗa ƙuri'a a kan gyaran tsarin mulki na 15 kan 'yancin zaɓe saboda a ganinsa bai wadatar ba. Ya yi aure a 1866 yana da shekara 55, auren bai yi shekara ba suka rabu da Alice Hooper.

Ya ɓata da Shugaba Grant a kan shirin haɗe Jamhuriyar Dominican da Amurka, wanda ya ce barazana ce ga 'yancin maƙwabciyarta Haiti. Yarjejeniyar ta faɗi a watan Yunin 1870, jam'iyyarsa kuma ta rama ta hanyar tuɓe shi daga shugabancin kwamiti a watan Maris na 1871. A zaɓen 1872 ya goyi bayan abokin hamayyar Grant, matakin da ya ɓata wa Frederick Douglass da sauran jagororin baƙar fata rai. A ƙarshen shekarar ya nemi a daina rubuta sunayen fagagen yaƙin basasa a tutocin soja domin a manta da gaba, majalisar jiharsa ta yi Allah wadai da shi, ba ta janye ba sai ana saura 'yan makonni ya rasu.

Abin da ya rage masa shi ne ƙudurin da ya gabatar tun 1870, wanda zai haramta wariya a makarantu da otal-otal da jiragen ƙasa da gidajen wasa da maƙabartu da zaman masu taimaka wa alƙali. Kowace shekara yana dawo da shi, kowace shekara ana jingine shi. Ciwon zuciya ya kwantar da shi a gidansa da ke kusa da Fadar White House, inda ya yi ta roƙon masu zuwa dubiya kada su bari ƙudurin ya mutu. Ya rasu ranar 11 ga Maris na 1874 yana da shekara 63. An ajiye gawarsa a zauren ginin majalisa, baƙar fata da dama suka yi mata rakiya, aka binne shi a maƙabartar Mount Auburn kusa da Boston.

Ƙudurin ya zama doka ranar 1 ga Maris na 1875, bayan an cire sashen makarantu. Kotun Ƙoli ta rushe muhimman sassansa a 1883, kuma sai a 1964 majalisa ta sake yin irinsa.

Tambayar da ya tayar game da baƙi ta sake kunno kai a gundumar Prince William a 2007, lokacin da majalisar gundumar, wadda ke zama a Woodbridge, ta umarci 'yan sanda su binciki takardun duk wanda suka tsare idan suna zargin ba shi da izinin zama. Ɗaruruwan mutane sun yi ta magana a zauren har tsakar dare, iyalai da dama 'yan Latin Amurka suka bar yankin, a shekarar da ta biyo baya aka sassauta umarnin. Ita kuwa Mary, yarinyar hoton, ta girma a Boston, ta yi aikin akawu, ta rasu a 1921. A Washington har yanzu ginin makarantar da aka gina wa yara baƙar fata a 1872 yana tsaye da sunan Charles Sumner, an mayar da shi gidan tarihi da ma'ajiyar takardun makarantun birnin.